Sulke da Lifidi Bayan Yaƙi: Sana'a da Zumunci a Hawan Sallah na Ƙasar Rano



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau abu ne wanda kusan kowa a zauren nan ya sha gani da idonsa, watau hawan Sallah. Ba zan tsaya bayyana kyan dawaki da ƙyalƙyalin kayan ado ba, gama masu ɗaukar hoto sun riga sun hutar da mu. Tambayar da ta dame ni ita ce: tun shekarar 1903 rabon da rundunar dawakin Kano ta shiga fagen fama, to, yaya aka yi har yau ake samun wanda ya iya ɗinka lifidi, da wanda ya iya ƙera wangami, da wanda ya san yadda ake ɗaura wa doki tunjimi? Bisa ga al'ada, makamin da aka daina yaƙi da shi gidan adana kayan tarihi yake komawa. Namu kuwa har yanzu gumi yana jiƙa su.

Zan ɗauki misalaina daga kudancin Kano, watau ƙasar Rano da Kibiya da garuruwa irin su Fammar, saboda a cikin birni yawan mahaya da 'yan kallo yakan rufe wa mutum ido. A inda dagaci zai fito da dawaki uku ko huɗu ya bi bayan hakiminsa, a nan ne ake iya bin kowane kaya a san hannun da ya yi shi da kuma hanyar da ya biyo har ya hau bayan doki.

Asalin kayan

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Kano. Sarki Muhammadu Rumfa kuwa, daga 1463 zuwa 1499, shi aka danganta wa dawakin zage da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Ke nan tun ƙarni na 15 kaya iri biyu suka haɗu a rundunar sarki, na kare rai da na nuna isa. Wannan lokaci ya zo daidai da ƙarshen abin da Turawa suke kira tsakiyar zamani a tarihinsu, sa'ad da su ma barade masu sulke ne ƙarfin kowace runduna.

Rano ba baƙuwa ba ce a cikin wannan labari. Tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta shi ne Autan Bawo, kuma a rabon ayyuka da labarin Bayajida ya yi wa 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, watau masu rini. A ƙarni na 19 yankin nan na kudu shi ne bakin daga tsakanin Kano da Ningi, hare-haren Ningawa kuwa sun hana manoma barci, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Saboda haka ganuwa da doki a wurin mutanen wannan yanki maganar rai ce. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa sarkinta yana iya tara dawaki 7,000 da dakaru fiye da 20,000.

A irin wannan yaƙi kowane kaya yana da dalilinsa. Lifidi an yi shi ne don kibiya mai dafi, domin kaurinsa yakan tsayar da tsininta kafin ya taɓa fata. Amma yana da nauyi, yana da zafi, wuta kuma abokiyar gabarsa ce. Ɗan lifidi ba ya iya hawa doki shi kaɗai, in kuwa ya faɗi ba ya tashi sai an ɗaga shi. Ina roƙon ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A ƙarshen watan Janairu na 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan maƙwabtan Rano, ran 3 ga Fabrairu kuma ta shiga Kano. Kafin watan ya ƙare barade suka kara da bindiga a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Daga nan aikin sulke na asali ya ƙare.

Yadda yaƙi ya zama kallo

Abin da ya ceci kayan nan shi ne suna da aiki na biyu. Tun kafin Turawa, ranar Idi rana ce ta gwada ƙarfi: kowane mai sarauta ya fito da mutanensa da dawakinsa, su yi sukuwa su ja zamiya gaban sarki su yi jafi, sarki ya ga abin da zai samu in yaƙi ya taso. Da yaƙi ya tafi, sai jafin ya zauna. Turawa kuma suka ƙara nasu. Kalmar daba da muke ji a hawan daba asalinta Farisanci ce, daga Indiya 'yan mulkin mallaka suka zo da ita, suka shirya irin wannan taro a Kano a 1925 don Yariman Ingila, a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. Gwamnatinmu ta gaji abin, ta yi babban hawan daba a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC.

A nan ya kamata mu bambanta abu biyu. Bahaushe ya san kwaikwayo tun fil azal. A wasan kalankuwa samari sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu bayan kaka, a wasan gauta kuma matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa. Hawan Sallah ba shi cikin wannan sahu, domin sarkin da aka gani a ƙarƙashin lema sarki ne na gaske, hakimin da ya jinjina masa kuma gobe zai zauna ya saurari ƙarar talakawa. Sarautar gaskiya ce, caffar gaskiya ce, yaƙin kaɗai ne ya zama kwaikwayo.

Abin da Turawa suka yi da nasu

Don mu gane darajar abin da ke hannunmu, bari mu leƙa inda igiyar ta tsinke. A ƙasashen Turai bindiga ta kori sulke tun ƙarnoni da suka wuce, sana'ar kuma ta kusa bin sa. A watan Agusta na 1839 wani basarake a Eglinton ta ƙasar Sikotilan ya shirya gasar barade irin ta dā. Mahayansa sai da suka je wajen dillalin tsofaffin kaya a Landan suka nemo sulke, sa'an nan suka koyi riƙon mashi kamar yara. Jama'a ta taru maƙil, ruwan sama kuma ya ɓarke ya tarwatsa taron.

Abin ya sake tsirowa a ƙarni na 20. Ran 1 ga Mayu 1966 wasu abokai a garin Berkeley na Amurka suka shirya wasan takobi a bayan gida, daga nan aka sami ƙungiyar da ake kira Society for Creative Anachronism, masu raya rayuwar tsakiyar zamani. Sun raba ƙasashensu zuwa masarautun wasa, sukan zaɓi sarki ta hanyar gasa da takubban sanda, ya yi 'yan watanni ya sauka, kusan kamar sarkin kalankuwa. Tun 1972 suke yin wani babban zango a jihar Pennsylvania, inda dubban mutane kan kafa tantuna su zauna kwanaki. A Ingila ana kwaikwayon yaƙin Hastings na 1066 a filin da aka yi shi, a Folan kuma yaƙin Grunwald na 1410.

Na sami damar ganin irin waɗannan tarurruka a lokacin karatuna a waje, kuma abin da ya tsayar da ni ba faɗan ba ne, domin wanda ya ga zamiya a ƙofar fada ba zai yi mamakin malamin makaranta da takobin sanda ba. Rumfunan gefen fili ne. Ga maƙeri yana zuga wuta yana bayani, ga mace tana kaɗi da mazari ta miƙa wa yaro ya gwada, ga wani yana saƙa sulke zobe bayan zobe. Mafi yawansu ba su gaji wannan ba. Daga littattafai da zane-zane da kayan gidan tarihi suka tono shi, suka yi ta kuskure har hannu ya faɗa, kuma abokai ne suka koya wa juna. Har ila yau, a tsarin ƙungiyar da na ambata, lambar girma da ake ba gwanin sana'a daidai take da wadda ake ba gwanin takobi.

Hannu nawa ne a kan doki ɗaya?

Mu komo gida. A ce ga dokin wani dagaci a tsaye an shirya shi da safiyar Sallah. Mu bi shi daga ƙasa.

Sirdi ya fara ne daga masassaƙi, wanda ya fitar da ƙashinsa na itace da kwacciyarsa daidai da bayan doki, gama sirdin da bai zauna ba ciwo yake ji wa dabba. Daga nan sai baduku ya lulluɓe shi da fata. Fatar kuwa ta biyo ta hannun mahauci, ta je wa majemi, wanda ya cire gashinta ya jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, kafin a rine ta: ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da kuloko. Wannan jar fatar akuya ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita, har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko don a can suke sayen ta. Baduku ne kuma mai ragama da kamazuru da layun wuya da kuben takobi.

Linzami da likkafa da ƙaimi da kan mashi aikin maƙerin baƙi ne. Adon tagulla da na azurfa da farin ƙarfe na maƙerin fari ne, kuma kudancin Kano yana da rabo a nan, domin daga Riruwai ake samun kuza tun kafin zuwan Turawa. A ƙarƙashin sirdi akwai zubuka da bishiri, a samansa jalala ko ɗauki-saƙa, a baya bantan doki, duk aikin maɗinka da masu surfani. Rawanin mahayin, in ɗan Kura ne, ya bi ta hannun masaƙi, ya shiga karofin marini sau da yawa, sa'an nan mabuga suka buge shi har ya yi ƙyalli. Kura kuwa ga ta nan kusa da Bunkure.

Lifidi shi ya fi cin lokaci. A shimfiɗa ƙyalle biyu, a cusa audugar rimi a tsakaninsu, a bi da allura layi-layi yadda audugar ba za ta taru wuri guda ba, sa'an nan a yanka shi yadda zai rufe ƙirjin doki da kwiɓinsa ba tare da ya harɗe masa ƙafa ba. Sulke kuwa labarinsa dabam ne. A. D. H. Bivar, wanda ya bincika kayan yaƙin fadojin Arewa ya wallafa sakamakonsa a 1964, ya nuna cewa tsofaffin sulkuna shigo da su aka yi daga Masar da ƙasashen gabas. Ana gane tsohon aiki da cewa kowane zobe an haɗa bakinsa an datse da 'yar ƙusa, na baya-baya kuwa an lanƙwasa waya ce kawai baki ya taɓa baki. Riga ɗaya takan ci zobe dubu ashirin ko fiye. Saboda haka sulken da kuka gani a jikin wani ɗan sulke yana iya girme wa kakan kakansa.

In kun ƙidaya za ku sami sana'a fiye da goma a kan doki ɗaya, ban sa mai algaita da mai tambari da maroƙi ba. Ba kuma gari ɗaya ne ya tara su ba. Wani kayan daga kasuwar Kurmi ya fito, wani daga Lokon Maƙera, wani kuma tsohon badukun ƙauye ne ya gyara shi a zaure.

Aro da amana

To, wa ya biya duk waɗannan? Doki dai ba ya jiran Sallah kafin ya ci. Kullum yana bukatar dawa da dusa da harawa da kanwa, da mai yi masa wanka da shara. Mai ƙaramar sarauta a ƙauye ba shi da ƙarfin riƙe dawaki da yawa da cikakken kayansu shekara guda don hawan kwana biyu. Abin da yake cike giɓin shi ne zumunci.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mai wannan magana bai lura da ranar hawa ba. Attajirin gari mai sha'awar kilisa ya ba da dokinsa, wani amini daga garin gaba ya aiko da jalala, alkyabba ta fito daga akwatin gidan da sarauta ta bari tun tuni. Ba rubutu, ba shaida. Amma akwai ƙa'ida wadda kowa ya sani: a mayar da kaya cikin lokaci, abin da ya ɓalle a gyara kafin a mayar, a haɗa da goro, ranar da mai kayan kuma zai yi hawan angwancin ɗansa kada a jira sai ya tambaya. Wannan shi ne biki a ma'anarsa ta asali, watau gudummawar da ake sa ran za ta dawo. Tsakanin mahayi da mai sana'a ma haka ne. Baduku yakan gyara sirdi kafin Sallah a biya shi da kaka, domin ubansa ne ya yi wa uban mahayin aiki.

Na ce ku riƙe maganar ɗan lifidi wanda ba ya iya hawa shi kaɗai. Har yau haka abin yake. Dole a sami mai riƙe likkafa, mai ƙara ɗaure majanyi, da zagi wanda zai yi tafiyar ƙasa a rana yana lura da doki. Masana zamantakewa irin su M. G. Smith sun kira wannan dangantaka barantaka, watau ta ubangida da bara, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai ni ina ganin kalmar ba ta ɗauke komai ba. Mutumin da ka yarda ya ɗaure maka majanyi kafin sukuwa, ranka ka ba shi, kuma sau da yawa abokin ƙuruciya ne wanda kuka yi makarantar allo tare. A fili ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, in an shiga barga ya yi maka dariyar yadda rawaninka ya karkace. Har tsokana ma tana da gurbinta, kamar wasan da ke tsakanin maƙera da Buzaye.

Ga inda muka yi daidai da Turawan can, ga kuma inda muka bambanta. Su abota ce ta haifi sana'arsu. Mu gado ne ya haife ta, abota ta riƙe ta.

Abin da shekarun nan suka nuna

A watan Mayu na 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi zuwa masarautu masu daraja ta ɗaya, aka umurci hakimai su riƙa yin hawan Sallah a masarautunsu maimakon zuwa birni. A Mayun 2024 aka soke dokar, a Yulin wannan shekara kuma aka mayar da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Ba hurumina ba ne in ce wa ke da gaskiya. Abin da ya shafi batunmu shi ne, cikin shekara biyar an canja wa mahayin ƙauye alƙiblar hawansa sau biyu. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A Babbar Sallar 2024 da Sallolin 2025 kuma 'yan sanda suka hana shi a jihar saboda rikicin sarautar Kano. A tsakiyar wannan, a watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa. An karrama abin a ƙasar waje a daidai lokacin da dawaki suke ɗaure a turke.

In an fasa hawa, jaridu sukan lissafa asarar masu masauki da masu yawon buɗe ido. Asarar da ba a lissafawa ita ce ta mai lifidi wanda ba a kawo masa gyara ba, da yaronsa wanda ya ga aikin ba ya ciyarwa ya koma acaɓa. Sirdin da ya yi Sallah uku a rataye gara ce take gadonsa. Aron da ba a yi ba kuma zumunci ne da ba a sabunta ba, zumunta kuwa a ƙafa take.

Akwai kuma wata matsala tamu ta cikin gida. Masu sana'armu suna da nasu nunin a bainar jama'a: maƙera su yi wasan wuta ana kaɗa musu dundufa, mahauta su yi hawan ƙaho, 'yan tauri su gwada wuƙa. Amma ku lura, duk waɗannan buwaya suke nunawa. Yadda ake aikin kuwa sirri ne, ɗa kaɗai ake gaya wa. Wannan hikima ce a zamanin da kowane ɗa yake zama a maƙerar ubansa, domin ta tsare wa gida abincinsa. A zamanin da ɗan ya tafi makaranta ko Legas, sirrin da tsohon yake bin sa kabari. Mun ba Sarkin Maƙera rawani, amma ranar hawa idon jama'a yana kan wanda ya sa ƙafa a wangami, ba wanda yake tambayar wa ya ƙera shi.

Saboda haka ga abin da nake nema daga ɓangarori biyu da ke gabana. Ku ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi da na sashen al'adu, ba sai an jira izinin hawa ba kafin a kafa rumfa. Ranar kasuwa a Rano ko Kibiya, ko ranar raba sakamako a makaranta, ana iya gayyatar masassaƙi da baduku da mai lifidi su yi aikinsu a gaban yara, a biya su kuɗin yininsu, a bar yaro ya riƙe allura. Gidan Makama a Kano yana da filin da zai ɗauki irin wannan. Wanda bai yarda ya buɗe sirrin gidansa ba a ƙyale shi, wani zai yarda. Ku ɗalibai kuwa, waɗanda kowace shekara kuke neman batun kundin digiri kuna ƙarewa a kan abin da wasu goma suka riga suka rubuta, ku je Fammar ko Tarai ko Rurum, ku nemi gidan da ke da doki, ku roƙi a fito muku da kayansa ɗaya bayan ɗaya. A kan kowane ɗaya ku rubuta sunansa yadda mai shi ya faɗe shi, da wanda ya yi shi, da garin da aka yi shi, da wanda ya gyara shi na ƙarshe, da waɗanda suka taɓa aron sa. Ku tafi da goro, kuma ku je bayan la'asar, lokacin da ake ba dawaki ruwa.